Barci ba ya kamuwa da ƙarfi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da masu karatun da barci ya ƙaurace wa idanunsu, musamman waɗanda da zarar rana ta karkata sai gabansu ya fara faɗuwa, suna tambayar kansu ko yau ma ido biyu za su kwana. Mu ma'aikatan lafiya ne, kuma maganar da muke tafe da ita guda ce: rashin barcin da ke zuwa farat ɗaya galibi da kansa yake tafiya, abin da ke shimfiɗa masa tabarma ya zauna kuwa, sau da yawa, dabarun da mutum ke yi ne don ya kore shi.

Likitoci sun raba matsalar gida biyu. Wadda ba ta kai wata uku ba, ita ce ta ɗan lokaci. Wadda ke zuwa aƙalla dare uku a mako, ta ɗauki wata uku ko fiye, tana kuma hana mutum sakat da rana, ita ce mai naci. Ta farkon kusan kullum dalilinta a fili yake: rasuwa, bashi, jarrabawa, ciwo, sabon jariri, canjin wurin aiki, doguwar tafiya. Wani binciken Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka da aka bayyana a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin huɗu kan gamu da irin wannan rashin barci a shekara, kuma uku cikin huɗu na waɗanda ya kama sukan warware ba tare da ya zame musu ciwo mai naci ba. To, me ke faruwa da na huɗun? Tun a 1987 masanin barci Arthur Spielman ya ba da amsa. Ya ce akwai abin da ke sa mutum ya zama mai saurin kamuwa, kamar halin yawan tunani. Akwai abin da ke kunna wutar, kamar rasuwar nan ko bashin. Sannan akwai abin da ke iza ta bayan dalilin farko ya wuce. Na ukun nan shi ne a hannun mutum, kuma a kansa za mu tsaya.

Sai an san yadda barci ke zuwa kafin a gane inda ake ɓata shi. Abu biyu ne ke jan ragamarsa, kamar yadda masanin barci Alexander Borbély ya tsara a Suwizalan a 1982. Na farko, yunwar barci. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa; iya daɗewarka a farke, iya yawansa, kuma barci ne kaɗai ke kwashe shi. Na biyu, agogon jiki, wanda ke can cikin ƙwaƙwalwa, hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Agogon ne ke sa a saki melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi, idan duhu ya yi, ya sauke zafin jiki, ya kuma ɗaga kotisol, sinadarin da ke shirya jiki ya farka, gab da wayewar gari. Idan yunwar ta cika, agogon kuma ya ce dare ne, barci na zuwa cikin minti 10 zuwa 20 ba tare da an kira shi ba. Abu na uku da ke iya taka wa waɗannan biyun burki shi ne tsoro. Jikin da ke jin akwai haɗari yana sakin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, kunne ya buɗe. Wannan baiwa ce a ranar da ɓarawo ke taɓa ƙofa. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance ɓarawo da tunanin "idan ban yi barci ba gobe na shiga uku".

Ga yadda daren yake kasancewa. Mutum ya kwanta ƙarfe goma, ya juya dama, ya juya hagu, ya juya matashin kai. Ya lalubo waya, ƙarfe ɗaya da minti goma. Nan take sai lissafi: idan na yi barci yanzu, saura awa huɗu da minti hamsin. Ya runtse ido da ƙarfi, ya kasa kunne ga jikinsa ko barcin ya fara zuwa. Wannan kasa kunnen shi kansa farkawa ne. Ƙarfe biyu da rabi ya sake dubawa, lissafin ya ragu, zuciya ta ƙara bugu. Da safe sai ya ƙudura cewa yau zai rama: ya makara da awa biyu, ya sha kofi uku, ya kishingiɗa da yamma, ya shige ɗaki tun takwas da rabi. Kowanne daga cikin waɗannan yana da ma'ana a ido, amma kowanne yana rage yunwar barcin daren da ke tafe ko ya karkatar da agogon. Garin neman ƙiba an samo rama. Idan aka yi mako biyu ko uku a haka, ƙwaƙwalwa takan haɗa gado da zullumi, har ka ga mutum yana gyangyaɗi a kujera, amma yana hawa gado idonsa ya bushe tarwai.

Saboda haka matakin da ya fi kowanne muhimmanci ba da dare ake ɗaukarsa ba. Ka tsayar da lokacin tashi guda, kullum, har ranar hutu, ko awa uku kawai ka samu a daren. Ba ka da iko a kan lokacin da barci zai ɗauke ka, amma kana da iko a kan lokacin da za ka sauko da ƙafarka ƙasa. Da ka tashi, ka fita cikin hasken waje na minti 20 zuwa 30. Hasken ɗaki mai kyau bai wuce 'yan ɗaruruwa ba a ma'aunin haske, na waje kuwa ko a ranar hadari yakan kai dubu ko fiye, a ranar da gari ya waye tangaran ya haura dubu goma. Shi ne ke gaya wa agogon jiki cewa rana ta fara, daga nan yake ƙirga lokacin da zai kawo dare. Ranar za ta yi nauyi, ba mu musa ba. Amma nauyin nan shi ne jarin daren gobe.

Na biyu, kada ka shiga gado sai barci ya zo. A nan ne mutane da yawa ke rikicewa, domin gajiya daban, jin barci daban. Gajiya ita ce jiki ya yi lis, kai ya yi nauyi. Jin barci kuwa shi ne hamma, ido na lumshewa, ka karanta layi ɗaya sau uku ba ka fahimta ba, kai na rinjaya gaba. Wannan na biyun ake jira. In ka kwanta, ka ji kamar an yi minti ashirin barci bai zo ba, ko ka ji ranka ya fara ɓaci, to ka tashi. Kada ka auna da agogo, ƙiyasi ya isa. Ka koma wani wuri mai ɗan haske kaɗan, ka yi abin da ba ya tayar da hankali: karatu mai sanyi, sauraron wani abu a hankali, ninke kaya. In hamma ta dawo, ka koma gado. In an sake yin minti ashirin, ka sake tashi, ko sau huɗu ne a daren. Masanin halayyar ɗan Adam Richard Bootzin ne ya fito da wannan hanya a 1972, kuma har yau tana cikin waɗanda suka fi aiki. Manufarta a warware ƙullin da ya haɗa gado da fargaba, a sake ƙulla shi da barci. Inda ta kan lalace shi ne wurin sanyi da ƙiwa: ƙarfe biyun dare babu wanda ke son barin bargo. Don haka tun da yamma ka tanadi kujera, mayafi da abin karantawa. Mai ɗaki guda kuwa ya sauko daga gadon ya zauna a gefe, ya wadatar. Tsofaffi da masu jiri su kunna fitila kafin su miƙe, kada a je neman barci a samo karaya.

Agogo da waya su bar kusa da kai. Ka saita ƙararrawa, ka juya fuskar agogon ga bango, wayar kuma ta kwana inda sai ka taka kafin ka kai gare ta. Ana yawan maganar shuɗin hasken waya, amma a ganinmu abin da ke cikin wayar ya fi hasken ɓarna: saƙo, labari, muhawara, da lambobin lokaci da ke tayar da lissafin nan. Haka agogon hannu masu auna barci. Ƙiyasi suke yi daga motsi da bugun zuciya, kuma tun 2017 likitoci suka ba da rahoton mutanen da neman maki mai kyau a waɗannan na'urori ya ƙara dagula musu barci. Mai fama da zullumin barci ya cire shi na wata guda.

In an yi mako biyu abin bai lafa ba, sai a ɗauko takarda. Kowace safiya ka rubuta ƙiyasin lokacin da ka shiga gado, lokacin da ka fito, da awa nawa kake jin ka yi barci. Bayan kwana bakwai ka fitar da matsakaici. A ce kana kwanciya goma ka tashi shida, awa takwas ke nan, minti 480, amma barcin bai wuce awa biyar da rabi ba, minti 330. Raba 330 da 480, za ka samu kashi 69 cikin ɗari. Abin da ake nema kashi 85 ne ko fiye. Maganin sai ya zama kamar baya-baya: ka rage zaman gado ya dace da barcin da kake samu, da ƙarin rabin awa. A wannan misalin, awa shida. Ka kwanta sha biyu, ka tashi shida. Daren farko da na biyu za ka ji a jikinka, amma yunwar barci za ta taru ta haɗe barcin da ke warwatse ya zama dunƙule guda. Duk makon da lissafin ya kai kashi 85, ka matso da lokacin kwanciya da minti 15. Kada a sauka ƙasa da awa biyar da rabi. Kuma mai farfaɗiya, mai ciwon da ke sa hauhawa da faɗuwar yanayin rai, mai ciki, da wanda sana'arsa tuƙi ce ko aiki da injina masu haɗari, kada su gwada wannan sai da likita.

Tunanin da ke cin mutum da dare kuwa ba ya jin "daina". Duk wanda aka ce wa kada ya tuna abu, shi zai tuna. Abin da ke aiki shi ne a ba tunanin lokacinsa tun da sauran haske. Awa biyu ko uku kafin kwanciya, ka zauna minti 15 da takarda, ka ja layi a tsakiya. A gefe guda abin da ke damunka, a ɗaya gefen mataki ɗaya tak da za ka ɗauka a kai, da ranar ɗaukarsa. Wanda ba shi da mataki, ka rubuta haka. Sannan ka ninke takardar. In abin ya taso ƙarfe uku na dare, amsarka a shirye take: an rubuta, sai gobe. A wani gwajin Jami'ar Baylor na 2018, waɗanda suka ɗauki minti biyar suna rubuta ayyukan da ke jiransu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kimanin minti tara. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma kyauta ne.

Ga jiki kuma, numfashi ne hanya mafi kusa. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ciki na tasowa, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida, na minti biyar. Tsawaita fitar numfashi yana rage gudun zuciya. Ko ka bi hanyar likitan Amurka Edmund Jacobson: ka ɗaure tsokar tafin ƙafa na daƙiƙa biyar, ka sake na daƙiƙa ashirin, ka hau sha-raɓa, cinya, ciki, hannuwa, kafaɗu, har fuska. Amma a kula. Ranar da mutum ya mayar da waɗannan makamin kama barci, yana yi yana leƙen ko ya zo, sun tashi daga aiki. Don jiki ya huta ake yinsu, barcin ya zo ko bai zo ba. Shi ya sa ma akwai wata dabara da ta samo asali daga likitan Ostiriya Viktor Frankl: ka kwanta a duhu, ido a buɗe, ka ce wa kanka bari in ɗan ƙara zama a farke. Da ka daina bin barci, tsoron ya rasa abin ci. Ba banza aka ce barci ɓarawo ba. Ba ya shiga gidan da mai gadi ke tsaye da fitila.

Yana da kyau mai zullumi ya san wasu abubuwa da za su rage masa nauyi. Barci zagaye-zagaye yake, kowanne kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare, kuma ɗan farkawa tsakaninsu abu ne da kowa ke yi, yawanci mantawa ake yi. Barci mai nauyi, wanda jiki ya fi buƙata, a farkon dare yake taruwa, saboda haka ko gajeren dare yakan samar da mafi yawansa. Idan aka auna masu rashin barci a ɗakin gwaji, sau da yawa akan tarar sun yi barci fiye da yadda suke zato, domin barci mai sauƙi yana kama da ido biyu ga mai yinsa. Awa takwas ma ba doka ba ce. Yawancin manya tsakanin bakwai da tara suke. Kuma jiki ya iya ramuwa da kansa. A farkon 1964 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a Amurka, Randy Gardner, ya kammala kwana 11 bai runtsa ba. Da ya kwanta, ɗan ƙasa da awa 15 ya yi, cikin 'yan kwanaki barcinsa ya koma daidai. Ba muna cewa a kwaikwaye shi ba. Muna cewa dare ɗaya ko uku marasa daɗi ba su isa su haukatar da mutum ko su kashe shi ba. Haɗarin gaske na washegari a kan titi yake: wanda ya yi awa 17 a farke, hankalinsa a tuƙi yakan yi daidai da na wanda giya ta fara taɓawa. In kana hamma a sitiyari, ka tsaya.

Kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, shayi da lemukan ƙara kuzari, yana toshe wurin da adenosin ke sauka ne, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin yunwar barcin alhali tana nan. Jiki na ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Kofi biyu, wajen miligiram 200, da ƙarfe huɗun yamma, na nufin saura 100 da ƙarfe tara, saura 50 da ƙarfe biyun dare. A wani gwaji na 2013, miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda, kuma masu shan ba su lura ba. A tsaya da shi kafin tsakar rana, a kuma duba takardar magungunan ciwon kai da na mura, da yawansu na ɗauke da shi. Nikotin ɗin taba ma mai farkarwa ne. Giya tana kawo barci da wuri, sannan ta yayyaga rabin dare na biyu. Barcin rana, in ya zama dole, kada ya wuce minti 20, kuma kafin ƙarfe uku. Motsa jiki da rana na taimakawa. Ɗaki ya kasance da duhu da ɗan sanyi, kuma wanka da ruwan ɗumi na minti goma, awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, yana taimaka wa zafin jiki ya sauka.

Sai ƙwayar barci, inda muka fi ganin an gudu ba a tsira ba. Tana da wurinta: likita na iya ba da ita na 'yan kwanaki a lokacin tashin hankali mai tsanani, bisa ƙa'idar kada a wuce mako biyu zuwa huɗu. Diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, yana daɗewa a jiki fiye da kwana guda, shi ya sa mai shansa ke wuni cikin magagi, tsofaffi kuma su faɗi. Jiki na sabawa da shi, kuma ranar da aka daina, rashin barcin yakan dawo fiye da na da na 'yan kwanaki, mutum ya ɗauka ba zai iya barci ba sai da shi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke farat ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga. A hankali ake ragewa, a ƙarƙashin kulawar likita. Haɗa shi da giya, kodin ko tiramadol na iya tsayar da numfashi. Zolfidem, wata ƙwayar barcin, da danginsa kuwa, a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa musu gargaɗi mafi tsanani saboda mutanen da suka riƙa tafiya ko tuƙi cikin barci. Magungunan ƙaiƙayi da mura irin su Piriton da Phenergan, da wasu ke sha don barci, jiki na sabawa da su cikin 'yan kwanaki, su bar bushewar baki, taurin bayan gida, da riƙewar fitsari ga dattawa maza. Melatonin saƙo ne ga agogon jiki, ya fi amfani ga wanda ya tsallaka ƙasashe a jirgi ko wanda agogonsa ya makara; wani bincike a Kanada a 2017 ya tarar cewa abin da ke cikin ƙwayoyin kasuwa na iya gaza abin da aka rubuta a kwalba da kashi 83, ko ya ninka shi fiye da sau biyar. Ba mamaki da a 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'un barci, wadda ake taƙaita sunanta da CBT-I, ita ce matakin farko ga rashin barci mai naci, kafin ƙwaya. Yawancin abin da muka zayyana a sama daga cikinta aka ɗebo shi.

Akwai kuma rashin barcin da alama ce ta wani ciwon, kuma duk waɗannan dabaru ba za su taɓa shi ba. Minshari mai ƙarfi tare da ɗaukewar numfashi da shaƙewa, ga ciwon kai da safe da gyangyaɗi da rana, yana nuna toshewar hanyar iska a barci. Ƙafafu masu tsikari da son motsi da dare na iya zama ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Bugun zuciya, gumi da rama na sa a duba tairod, halittar da ke gaban wuya mai saita saurin aikin jiki. Yawan tashi fitsari na sa a duba suga ko mafitsara. Farkawa tun da sauran dare da nauyin zuciya da rashin jin daɗin komai na makonni alama ce ta ciwon damuwa. Magunguna irin su firedinisolon, wasu na asma, da masu sa fitsari in an sha su da yamma, duk suna hana barci, kuma sau da yawa canza lokacin shan ya isa. A ga likita in abin ya haura wata guda duk da bin waɗannan matakai. Amma wanda ya yi kwanaki ba ya barci kuma ba ya jin gajiya, yana ta surutu da ɗaukar manyan shawarwari, ko wanda tunanin cutar da kansa ya fara zo masa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira wata ya cika.

Mun gode, Malam Edita.

Daga wasu ma'aikatan lafiya masu kula da matsalolin barci.